Ranar da Alhaji Na-Allah Ya Gyara Lambu

Shekara talatin da ɗoriya Alhaji Na-Allah yana cinikin kayan miya a kasuwar Malanville. Idan ka miƙa masa albasa ɗaya ya juya ta a tafin hannu, zai gaya maka ko daga Garou ta fito ko daga ƙetaren kogi, ya kuma gaya maka kwana nawa za ta yi a buhu kafin ta fara ruɓa. Amma Allah shi ne shaida, bawan Allahn nan bai taɓa tona ƙasa ya binne iri ko ƙwara ɗaya ba. Shi a saninsa tumatir daga kwando yake fitowa, albasa daga buhu. Abin da ke faruwa da su kafin su iso rumfarsa bai taɓa hana shi barci ba.

Matarsa Marka kuwa 'yar Garou ce, 'yar manoma gaba da baya. Tun da aka kawo ta gari take mitar ba ta da inda za ta shuka ko yakuwa, domin buhunan albasa sun gaje tsakar gidan rani da damina, har sai mutum ya bi gefe-gefe kafin ya kai bakin rijiya. Bana dai Alhaji ya samu sito kusa da kasuwa, aka kwashe buhunan kaf. Kafin ya gama yi wa abokansa labarin sabon sito, Marka ta riga ta sa an zube mata takin awaki a ƙofar gida, ta ɗaura ɗamara, ta shiga sarar ƙasa da fartanya.

Ruwan farko na sauka ta yi shuka. Kafin wata biyu, wanda ya san gidan a da sai ya yi tsammanin ɓatan kai ya yi. Alayyafo da lalo sun cika gefen rijiya, yakuwa ta yi layi har bakin zaure, barkono da tattasai suna cikin tsofaffin bokitai da suka huje. Kabewa ta haye rufin madafa ta baje kamar ita ta gina shi. Ɗoɗɗoya da na'ana'a suna ƙarƙashin taga, duk wanda rigarsa ta goge su sai ya tafi da ƙanshi. Har furanni Marka ta roƙo wurin wata maƙwabciya, wasu 'yan ja-ja da ba sa buɗe ido sai hantsi ya yi, ta jera su cikin gwangwanayen tumatir a kan katanga. Alhaji ya ce mata wannan kam ba a miya da shi. Ta ce ai shi ma hularsa mai aiki ba a miya da ita, amma kullum tana kansa.

Abin mamaki, lambun nan ya shiga ran Alhaji fiye da yadda zai iya faɗa. Mutumin da ba ya dawowa gida sai bayan magariba, sai ga shi da la'asar ya shimfiɗa tabarma kusa da kabewa, an dafa masa shayi da na'ana'ar da aka tsinka a gabansa. Yana jin daɗi ƙwarai, daɗin da ya daɗe bai ji irinsa ba. A kasuwa kuwa ba shi da zance sai “lambuna”. Lambuna ya yi kaza, lambuna ya yi kaza, alhali ko ruwa kofi ɗaya bai taɓa zuba wa shuka ba.

Duk cikin abin da Marka ta shuka, ba wanda take ji da shi kamar kuɓewa bakwai da ke jikin katangar gabas. Kuɓewar, wadda mutanen nan ke ce wa guro, ba irin doguwa koriya ta kasuwa ba ce. Ja ce, gajera, mai kauri, ga yauƙi har sai an yanke shi da bakin ludayi. Irin mahaifiyarta ne, Inna Salamatu, wadda ta rasu shekara biyar da suka wuce. Ranar rabon kayanta Marka ba ta nemi komai ba sai wata 'yar kwalba da tsohuwar ke ajiye iri cikin toka. Shekara biyar kwalbar na ƙasan akwati saboda rashin wurin shuka, har irin ya tsufa. Bana ta juye shi duka a ƙasa, ƙwara arba'in da wani abu, bakwai kacal suka tsiro. Ta gaya wa Alhaji duk wannan, kalma da kalma. Sai dai a lokacin waya na kunnensa yana faɗa da wani direba da ya makale a Guéné da kaya, ya yi ta cewa “to, to, madalla”, bai ji ko ɗaya ba.

Sau uku kawai Marka ta yarda ta tsinki kuɓewar nan ta yi miya. Da damina ta fara ja da baya, ta zaɓi manya-manyan 'ya'yan da suka fi kyau, ta yayyaga tsohon zane, ta ɗaura wa kowanne tsumma a wuya. Daga ranar ba ta sake taɓa su ba.

Ana nan sai 'yarsu Bara'atu ta haihu a Gaya. Suka haye kogi tare, aka yi suna, Alhaji ya dawo a ranar saboda kasuwa, Marka ta ce sai ta ƙara kwana biyar. Da suna sallama ta ce masa, “Alhaji, ka sa min ido ga lambu.” Ya ce ta kwantar da hankalinta.

Ya kuwa sa ido. Washegari da safe, bayan ya karya, ya zaga lambun hannu a baya, ya tsaya gaban kuɓewa. Ganye ya yi rawaya yana zuba, ba sabon fure ko ɗaya, ga 'ya'ya manya sun ƙosa sun fara tauri. Ya latsa ɗaya da farce, farcen ya ƙi shiga. To, a rumfar Alhaji Na-Allah akwai doka guda da yaran shago da dillalai duk suka sani: ba a barin kaya ya tsufa. Abin da ba zai tafi ɗanye ba, a yanka shi a shanya tun kafin ya zama asara. Shekara talatin yana kan wannan, kuma bai taɓa cutuwa ba. Sai tausayin Marka ya kama shi, ya ce lallai hidimar haihuwa ce ta ɗauke mata hankali har ta bar kayanta suna lalacewa.

Ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya ɗauko wuƙa. Ya tsinke kuɓewar tas, ya zauna bisa kujerar tsugunne ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana da hannunsa, ya baje a tabarma cikin rana. Karan da suka rage ya ga ba su da sauran amfani, ya tumɓuke su ya jefa wa awakin maƙwabta ta kan katanga. Ya share wurin, ya daidaita ƙasa da ƙafa. Tsummokaran kuwa ya kwance su a hankali, ya ninke, ya ajiye mata bisa taga, domin shi mutum ne da ba ya wasa da kayan wani. Ya koma tabarma yana haki, zufa har gemu, ransa fari tas. Yau dai ya yi aiki a lambunsa.

Da la'asar maƙwabcinsa Seydou ya shigo gaisuwa. Seydou kafinta ne, mutumin wajen Dosso, amma a gona ya tashi kafin ya hayo kogi neman sana'a. Ya dubi katangar gabas, ya ga wayam.

“Alhaji, ina guron Hajiya?”

“Ga shi can bisa tabarma shina shan rana,” in ji Alhaji, yana gyara zama. “Ni da hannuna niy yanka shi. Da na bari, da duk ya zama icce.”

Seydou ya je ya tsuguna gaban tabarmar, ya ɗauki yanki ɗaya, ya matse. 'Ya'yan cikin farare ne, masu laushi, rana har ta fara yamutsa su. Ya ɗago ya dubi Alhaji.

“Har da waɗanda anka ɗaura ma tsumma?”

“Duka. Tsumman na nan, na ninke mata.”

“Innalillahi. Alhaji, wanda duk anka ɗaura ma tsumma, iri na. Bari nai a kai shi bushe bisa uwatai, har ɗiyan su yi baƙi, in ka girgiza ka ji suna ƙara. Wanga kam ko ka shuka shi, babu abin da za shi hita.”

A nan ne maganar da Marka ta yi masa ranar da yake faɗa da direba ta fara dawo masa guntu-guntu: kwalba, toka, Inna. Ya tashi da gudu ya leƙa ta kan katanga. Awakin sun gama aikinsu, wata baƙa ce ma ke tauna kara na ƙarshe tana kallonsa.

Kwana huɗun da suka rage Alhaji ya yi su ba daɗi. Ranar da Marka za ta dawo ya shiga shagon masu kayan noma ya karɓo irin kuɓewa na leda, mai hoton doguwa koriya a jiki, ya sa a aljihu. Ta iso da hantsi, da fara'arta, tana ba shi labarin jariri tun daga zaure. Ba ta ko ajiye kaya ba ta nufi katangar gabas. Ta tsaya. Ta dubi ƙasar da aka share, ta dubi tabarma, ta dubi tsummokaran da ke ninke bisa taga.

Alhaji bai yi ƙarya ba, wannan kam a ba shi. Ya faɗi duk abin da ya yi, ya zaro ledar ya miƙa mata. Ta karɓa, ta kalli hoton, ta mayar masa a hannu.

“Irin Inna na, Alhaji. Shi kaɗai yar rage min nata.”

“Ki yi hanƙuri, Marka. Wallahi gyara niy yi niyya.”

“Na sani,” ta ce. “Shi as sa ban san wa zan yi ma hushi ba.”

Da ta yi masifa da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dafa abinci ta kawo masa, ta ba sauran shuke-shuken ruwa, amma ba ta sake kallon katangar gabas ba, kuma waƙar da take yi ƙasa-ƙasa idan tana cire ciyawa ta ɗauke. Alhaji ya ga matarsa ta sake yin rashin uwa, a karo na biyu, kuma da wuƙarsa. Abin ya yi masa ciwo sosai.

Shi dai abu ɗaya ya iya a duniya, neman kaya. Idan mai saye ya zo da samfur, ko a ina kayan yake sai ya tono shi. Da safe ya ɗebi busasshen yanki uku, jan bayansu bai gushe ba, ya ƙulle a hankici ya nufi layin masu kuɓewa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Matan suka yi ta juya abin suna girgiza kai. Daga ƙarshe wata ta ce masa irin wannan ba ya zuwa kasuwa, domin masu saye dogo kore suke so. In ma akwai shi, to a bayan ɗakunan ƙauye yake, inda mata ke shuka na tukunyarsu.

Rabon Alhaji da Garou tun zaman makokin surukarsa. Ya hau babur ya kama hanya, shinkafa kore shar dama da hagu, taɓo na fallatsa masa a wando. Gidan Inna Salamatu yanzu wasu baƙi ne a ciki, saboda 'yan'uwan Marka duk sun watse. Ya yi ta tambaya har aka kai shi wurin wata tsohuwa, Aminatu, ƙawar marigayiyar, tana zaune gindin bedi, wato dogon yaro, tana tsince shinkafa a faifai. Bayan doguwar gaisuwa ya kwance hankici, ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ɓoye wautarsa ba.

Tsohuwar ta kai yankin kusa da ido, ta shinshina. Sai ta fashe da dariya har faifan ya kusa zubewa.

“Kai ɗan nan! Wanga ai Salamatu na.”

“I, Inna, irinta na. Shi ni ka nema, ko ƙwara biyar.”

“Ba ka gane ba. Sunan guron ke nan. Tashi, taho in gwada maka.”

Ta dogara sanda ta ja shi bayan ɗakinta. Ga ta nan, jar kuɓewa gajera, kara fiye da ashirin, wasu sun bushe sun tsage, kowanne da tsumma a wuya. Tsohuwar ta ɗaga murya ta yi kira da yaren Dendi ta kan dangar kara. Wata mata ta leƙo, ta amsa, ta nuna bayan nata ɗakin. Can ma ita ce. Gida na gaba ma haka. Aminatu ta gaya masa cewa duk amaryar da aka kawo unguwar nan, Salamatu kan je mata barka da 'yan ƙwarori a ƙulle a bakin zane, ta ce ga na miya. Ba ta taɓa yin shela ba, ko 'ya'yanta ba su lura ba. Waɗanda ta ba su ma suka riƙa ba na bayansu.

Alhaji bai san lokacin da ya tsuguna ba. Farin ciki ya cika shi, ya kai hannu aljihu irin na ɗan kasuwa. Tsohuwar ta buge hannun da sanda.

“Hidda hannunka nan. Iri ba a saida shi. Kuma ba mu ba namiji shi, balle kai da kag gwada muna abin da ka iya. Tahi ka zo da ɗiyar, ta amsa da hannunta.”

Bai tsaya ko shan ruwa ba. Ya iske Marka tana tsinkar alayyafo, ya ce ta ɗauko mayafi, Inna Aminatu ta Garou na kiranta. Ta tambaya ko lafiya, ya ce lafiya lau. Duk tsawon hanya bakinsa na ƙaiƙayi, amma ya daure, sai dai murmushin da ya kasa ɓoyewa, har ta fara zargin ko rana ce ta taɓa shi.

Kafin su iso labari ya zaga unguwa. Mata sun taru gindin bedi, kowacce da abu a hannu. Aminatu ta kama hannun Marka ta kai ta bayan ɗaki. Marka ta tsaya kamar yadda ta tsaya gaban katangar gabas, sai dai wannan karon ta miƙa hannu ta kama busasshen ɗa guda, ta girgiza shi kusa da kunne. Ya yi ƙara. Ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba, tana dariya.

Matan suka yi ta zuba mata a zane, wannan uku, wannan biyar, suna magana gaba ɗaya da Dendi da Hausa. Wata ta ce Salamatunta bana ta fi ta kowa. Wata ta ce ƙarya ne, a zo a ga tata. Wata ta ce mijinta ba ya cin tuwo in ba da Salamatu ba. Marka sai juyawa take daga wannan baki zuwa wancan. Shekara biyar ba ta ji an kira sunan nan da ƙarfi ba sai a addu'a, yau ga shi ana ta jifa da shi ta kan danga, ana gardama a kansa.

Can wata yarinyar mace mai goyo, wadda bara aka kawo ta daga Toumboutou, ta matso da nata guda biyu. Ta ga hawayen Marka, ta dubi sauran matan, ta rasa gane abin kuka a cikin kuɓewa. Ta yi ƙasa da murya ta tambayi Aminatu.

“Inna, wai Salamatu mutum ta?”

Marka ta share fuska da bakin mayafi, ta jawo turmi ta kifar, ta zauna a kai, zanenta cike da iri yana ƙara duk motsin da ta yi.

“Mutum ta, ɗiyata. Uwata ta,” ta ce. “Zamna nan kusa gare ni, in ba ki labarinta.”

Yarinyar ta kwance goyo ta zauna. Sauran matan ma suka nemi wuri, Aminatu na gyara wa Marka duk inda ta yi kuskuren shekara. Alhaji kuwa ba wanda ya sake bi ta kansa. Ya jingina babur, ya samu inuwa daga nesa ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Wayarsa ta yi ta ƙara daga kasuwa, ya kashe ta ya sa a aljihu, ya karkata kunne, domin shi ma yawancin labarin bai taɓa jinsa ba.